Sarkin Musulmi Attahiru Na Ɗaya: Daga Giginya Zuwa Bormi

Gabatarwa

Ziyarar kaburburan manyan mutane ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa zuwa Sakkwato ya san yadda jama'a suke tururuwa zuwa Hubbaren Shehu, daga can kuma wasu su zarce Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance. A Jihar Gombe ma akwai kabarin Modibbo Bubayero a Gombe Abba. Ita kanta kalmar hubbare, ga masu sha'awar asalin kalmomi, ta shigo Hausa ne daga Fulatanci, shi kuma Fulatanci ya samo ta daga kalmar Larabci mai nufin ƙubba.

Sai dai akwai wani Sarkin Musulmi da ba ya kwance a ƙasar Sakkwato, kuma ba a yi masa jana'iza irin ta sarakuna ba. Kabarinsa yana Bormi, cikin Ƙaramar Hukumar Funakaye, kusa da Bajoga. Mutumin da ya tashi da safe daga Jekadafari a cikin garin Gombe, ya kama hanyar Bajoga, zai iya zuwa ya yi ziyara ya dawo gida kafin magariba. Amma da za a tsaya a tambayi matasan unguwar, ina jin waɗanda suka san hanyar kamfanin siminti na Ashaka za su ninka waɗanda suka san hanyar Bormi, alhali kuwa wuraren biyu a yanki ɗaya suke. Wannan ɗan rubutu zai kawo tarihin mai wannan kabari, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu, Allah ya jiƙansa, da kuma dalilin da ya raba shi da gidan kakanninsa ya kawo shi bakin kogin Gongola.

Asalinsa da zamanin da ya tarar

Attahiru jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ta wajen uba. Mahaifinsa shi ne Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ake yi wa laƙabi da Zaruku, ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866. Kakansa kuwa shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu, wanda ya gaji ɗan'uwansa Bello a 1837. Ke nan Attahiru tattaɓa-kunnen Shehu ne, daga gidan Atiku. A wancan zamani gidaje biyu ne suka fi yin fice wajen neman sarautar, gidan Bello da gidan Atiku, kuma wannan gasa za ta sake bayyana a cikin labarin nan. Idan an fara lissafi daga Shehu, Attahiru ne na goma sha biyu a jerin shugabannin daular.

Wanda ya gada shi ne baffansa Abdurrahman ɗan Atiku, wanda mutane suka laƙaba wa Ɗanyen Kasko saboda zafinsa. Shekara goma sha ɗaya da Abdurrahman ya yi bisa mulki, daga 1891 zuwa 1902, ba su yi wa daular daɗi ba. A zamaninsa ne aka yi Basasar Kano, bayan ya dage sai Tukur ya zama sarki, Yusufawa kuma suka ce ba su yarda ba, har daga ƙarshe Aliyu Babba ya shiga Kano da ƙarfin takobi. Wannan ya nuna wa kowa cewa umarnin Sakkwato ba ya da nauyin da yake da shi a da.

Ana cikin wannan hali sai ga Turawa ta fuska uku. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Jamusawa suka danno ta Adamawa, Ingilishi kuma suka taso daga kudu. A ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar cewa Arewa ta shiga hannunsu, duk da cewa a lokacin mafi yawan ƙasar ba ta ma san da zancen ba. Daga nan garuruwa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Kwantagora da Bida da Yola a 1901, sai Bauci da Gombe da Zariya a 1902. Abin lura a nan shi ne kowane sarki shi kaɗai ya fuskanci Bature, babu wata runduna da ta taso daga wata masarauta don taimakon maƙwabciyarta.

A watan Oktoba 1902 abubuwa biyu suka faru kusa da kusa. Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni ya gudu Kano, inda aka karɓe shi da girma, wannan kuwa ya ba Lugga hujjar da yake nema. Sannan Allah ya yi wa Abdurrahman rasuwa. Masu zaɓen sarki suka tsayar da Attahiru ɗan Ahmadu, suka bar takwaransa Attahiru ɗan Aliyu Babba na gidan Bello.

Wata biyar bisa gado

Sarautar da Attahiru ya karɓa ba ta jin daɗi ba ce. Tun kafin ya gama karɓar mubaya'a maganar da ke bakin malamai da fadawa ita ce yadda za a yi da Nasara. Shawara ta kasu uku. Wasu suka ce a yi yaƙi, ko a ci ko a yi shahada. Wasu suka ce a nemi sulhu don a tsirar da rayuka da addini, tunda ba a da makamin da zai tari nasu. Na uku suka ce a yi hijira, a bar musu ƙasar, a nufi gabas. Kowane ɓangare yana da hujjarsa daga littattafai, ba wai tsoro ko taurin kai kawai ba ne.

Shi Attahiru zuciyarsa ta fi karkata ga hijira. Ɗaliban Hausa da suka yi darasin rubutattun waƙoƙi za su tuna da Waƙar Zuwan Annasara da ake danganta masa, wadda jigonta shi ne kiran jama'a su tashi su nufi Makka da Madina. Haka kuma tunanin ƙaura zuwa gabas ba shi ya ƙago shi ba. Tun zamanin Shehu akwai magana a tsakanin jama'a cewa a ƙarshen zamani za su tashi su nufi wajen kogin Nilu su sadu da Mahadi, har sarakunan da suka gabata sun sha fama da masu son tashi tun lokaci bai yi ba. Amma tayar da gari kamar Sakkwato, da tsofaffi da mata da yara da dabbobi, ba aikin kwana ɗaya ba ne, Turawa kuwa ba su jira ba.

A ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Molan ya fasa ganuwar Kano da igwa. Sarkin Kano Aliyu ba ya gari, ya tafi Sakkwato gaisuwa wajen sabon Sarkin Musulmi. A kan hanyar komawa rundunar Kano ta yi karo da Turawa a wajen Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. Daga nan hanya ta buɗe.

Ranar Lahadi 15 ga Maris 1903 aka haɗu a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Attahiru da kansa ya fito, ɗan'uwansa Marafa Muhammadu Maiturare kuma yana jan wani sashe na rundunar. Sojan Turawa ɗari shida ne da ɗoriya, amma suna da igwa da bindiga mai ruwa, su kuwa mutanen Sakkwato yawancinsu doki da mashi da takobi da baka ne. Karon bai daɗe ba. Dawaki ba su ko samu isa ga layin sojan ba wuta ta tarwatsa su. Waɗanda suka fi daɗewa a filin su ne masu tsaron tuta, waɗanda suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a gindinta. Attahiru ya janye ya yi gabas da waɗanda suka bi shi.

Waziri Muhammadu Buhari kuwa ya dawo ya miƙa wuya, kuma cikin mako guda, a ranar 21 ga Maris, Lugga ya tabbatar da Attahiru ɗan Aliyu a matsayin sabon Sarkin Musulmi. Shi ne Attahiru na Biyu. Abu ne mai sauƙi a yau mutum ya zauna a aji ya ce Waziri ya yi rauni. A ganina hakan rashin adalci ne. Shi kansa abin ya dame shi, har ya nemi fatawar malamai, ya kuma rubuta risala yana bayyana dalilinsa, wato idan kowa ya tafi, wa zai tsaya wa waɗanda ba su da ƙafar tafiya? Tambaya ce da masu hijira ba su da cikakkiyar amsarta, kamar yadda shi ma ba shi da amsar tasu.

Hijira

A lissafin Turawa magana ta ƙare, tunda sarkin da aka ci da yaƙi, aka naɗa wani a gadonsa, ya zama ɗan gudun hijira kawai. Abin da ya biyo baya ya ba su mamaki ƙwarai. Attahiru ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, ya nufi Misau, kuma duk inda ya bi sai mutane su bar gida su bi shi. Ba sarakai da malamai kaɗai ba, har da manoma da masu sana'a da matansu da 'ya'yansu, ana kora shanu da jakuna. A wasu wuraren ƙauyuka suka zama kango. Mai karatu ya tuna cewa wannan tafiya ta faɗo a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da manomi yake sharar gona yana duban gabas ko hadari zai taso. Mutumin da ya bar gonarsa a irin wannan lokaci ba yawon buɗe ido ya fita ba.

A nan ne, a ganina, girman Attahiru yake. A wata biyar da ya yi a fada bai samu sararin gina gari ko kafa wata doka da za a tuna shi da ita ba. Sai da ya rasa gadon sarauta sannan aka ga yawan masu yi masa biyayya. Sababbin sarakunan da Turawa suka naɗa suna zaune a fadodinsu da sandunansu, jama'a kuwa suna bin wanda ba shi da komai sai tuta.

Manyan mutane da dama sun haɗu da shi a hanya. Akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nufe Abubakar wanda aka kora daga Bida, da Magajin Keffi. Akwai kuma Tijjanawan da suka baro ƙasashen yamma bayan Faransawa sun rushe daular Alhaji Umaru Futi, cikinsu har da malamin nan Alfa Hashim. Waɗannan sun riga sun yi hijira sau ɗaya, ga shi suna sake yin ta biyu.

Turawa suka sa ƙananan rundunoni suna bin sawunsa daga Kano da Zariya da Bauci. Attahiru ya aika musu da takardu yana nuna cewa shi ba yaƙi yake nema ba, hanya kawai yake so a ba shi ya wuce. Ba su karɓa ba. Abin da suke tsoro a fili yake: muddin yana raye yana tafiya, ƙasar da suka ci za ta iya tsiyayewa ta bi shi, su wayi gari suna mulkin kango.

Me ya sa Bormi?

Kafin a amsa, ga wata 'yar tsokaci ga ɗalibin harshe. Za a ga sunan garin a rubuce iri uku: Burmi a takardun Turawa, Bormi a bakin Hausawa, da Mbormi a bakin mutanen yankin. Hausa ba ta fara kalma da irin wannan haɗin baƙaƙe na "mb", shi ya sa Bahaushe ya sauke na farkon ya huta.

Bormi ba ƙaramin ƙauye ba ne a lokacin. Gari ne mai ganuwa, wanda Malam Jibrilla Gaini ya mayar da shi sansaninsa. Shi Jibrilla mabiyin aƙidar Mahadiyya ne, yana da alaƙa da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello. Ya yi shekaru yana gagarar masarautar Gombe, har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa a 1888 a yaƙi da shi. Maƙwabtan Bormi ma sun ɗanɗana hare-harensa, don haka ba kowa ne a bakin Gongola yake tuna wannan zamani da daɗi ba, kuma bai kamata mai rubuta tarihi ya ɓoye wannan ba. Turawa sun kama Jibrilla a 1902 suka kai shi Lakwaja, amma mutanensa suna nan a garin, da makamansu da aƙidarsu. Bugu da ƙari, Dutsen Bima, wanda jama'a suka daɗe suna danganta shi da bayyanar Mahadi, yana cikin wannan yanki. Ga kuma hanyar gabas ta alhazai. Abin mamakin shi ne, garin da ya yi wa tsarin Sakkwato tawaye shi ne ya zama mafakar Sarkin Musulmi ta ƙarshe.

A wannan lokaci Sarkin Gombe shi ne Umaru, wanda ya riga ya yi sulhu da Turawa tun 1902, kuma fadarsa tana Gombe Abba. Garin Gombe da muka sani a yau, da unguwanninsa irin su Jekadafari, bai zama hedikwata ba sai a 1919, bayan an ɗan zauna a Nafada daga 1913. Wato Bormi ta ga abin da ta gani shekara goma sha shida kafin sarauta ta sauka a inda take yanzu.

A ranar 13 ga Mayu 1903 Kyaftin Sod ya kai wa Bormi hari. Aka wuni ana fafatawa, mutanen gari suka yi asarar rayuka masu yawa, amma ba su ba da ƙofa ba. Da dare ya yi Sod ya janye ya koma Bauci da sojoji masu yawa da suka ji rauni. A duk yaƙe-yaƙen cin daular Sakkwato, samun irin wannan rana da aka mayar da rundunar Turawa baya abu ne mai wuya. Shi kuwa Attahiru ya kai har Gwani, kusa da Dutsen Bima, wata runduna ta tare shi a can, daga baya ya komo Bormi ya zauna. Damina ta sauka, kogi ya kawo, ciyar da irin wannan taro kuma ba wasa ba ne.

Ranar Litinin 27 ga Yuli

Turawa suka ɗauki wata biyu suna tara soja da igwa, sannan suka dawo a ƙarƙashin Manjo Mash. An fara tun kafin azahar, ba a gama ba sai da rana ta kusa faɗuwa. A Kano da Sakkwato an gama cikin ɗan lokaci, amma a Bormi sai da aka yi yaƙi a bakin ganuwa, aka yi a ƙofa, aka yi a cikin lunguna. Manjo Mash kansa kibiya mai dafi ta same shi, ya mutu a wurin. Mutanen da aka kashe a ɓangaren masu hijira da mutanen gari sun haura ɗari shida. An sami gawar Attahiru a tsakiyar gawawwakin mutanensa kimanin casa'in, waɗanda suka kewaye shi har ƙarshe. Magajin Keffi ma a nan ya kwanta. Bayan haka aka ƙone garin.

Daga Giginya zuwa wannan rana wata huɗu ne da kwana goma sha biyu.

Waɗanda suka tsira ba duka suka juyo gida ba. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ja dubban mutane suka ci gaba da tafiya gabas, suka ratsa ƙasashen Cadi har suka isa Sudan. A can suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, wanda har yau ake kira Mai Wurno, kuma zuriyarsu suna nan suna jin Fulatanci da Hausa tare da Larabci. Alfa Hashim ya isa Madina, ya zama babban malami da alhazan Afirka ta Yamma suke sauka a wurinsa. Marafa Maiturare kuwa, wanda ya zauna a gida, shi ma ya zama Sarkin Musulmi a 1915. 'Yan gida ɗaya, kowa da hanyar da ya ɗauka.

Abin da mai ziyara zai tarar

A filin Bormi akwai kabarin Attahiru, akwai kuma na Manjo Mash, waɗanda suka zo kashe juna suka kwanta a ƙasa ɗaya. Waɗannan biyun su ne masu suna. Sauran ɗaruruwan, manomin da ya baro ƙasar Kano da maharbin da ya tsaya a kan ganuwa, babu allo a kansu. Akwai kuma wani rukuni da ba a cika ambata ba, wato sojojin da suka yi wa Turawa yaƙin. Hafsoshi ne kawai Turawa. Masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausawa da Yarabawa, kuma da Hausa ake ba su umarni. Ke nan a ranar 27 ga Yuli an ji Hausa a ciki da wajen ganuwa. Wannan runduna ce ta zama tushen sojan Nijeriya, ita ce kuma ta kai 'ya'yan ƙasar nan yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, inda wasunsu suke kwance har yau.

A wasu ƙasashe irin wannan wuri ba a barinsa haka. A Amurka ana zagayawa da baƙi da 'yan makaranta a maƙabartar sojoji ta Alintan, mai jagora yana tsayawa a kan kabari yana ba da tarihin mai shi. A birnin Niyok kuma, da aka tono tsohuwar maƙabartar baƙaƙen fata a 1991 wajen haƙa harsashin gini, jama'a suka tsaya kai da fata har aka mayar da wurin abin tarihi na ƙasa a 2006, duk da cewa ba a san sunayen waɗanda ke kwance a ciki ba. Mu ma muna da ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu, amma a garuruwa ake yin ta, a ajiye furanni a yi fareti a watse. Ban ga abin da zai hana ƙungiyar ɗaliban Hausa ta ɗauki mota guda ta je Bormi ba, da malamin tarihi da na adabi, a karanta waƙar Attahiru a inda tafiyarsa ta tsaya, a kuma zauna da dattawan yankin a naɗi abin da suka ji daga iyayensu da Fulatanci da Bolanci da Hausa, tun ana samun masu faɗa.

Wanda ya je kada ya sa ran ganin tutar da aka mutu a gindinta. Sojan Turawa sun ɗauke ta daga filin a ranar, ta zauna a hannun rundunar shekara hamsin da bakwai. Sai a 1960, shekarar samun mulkin kai, aka mayar da ita Sakkwato, aka damƙa ta ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.